Ramar da Markus Ya Shuka

A Dabai in aka ce "miyar Keziah" har yau manya kan sunkuyar da kai su yi murmushi. Amma ranar da abin ya faru, wajen shekara tara da dawowar sojan Bama, babu wanda haƙorinsa ya ga rana, sai waɗanda dariya ta kama ba da sonsu ba.

Keziah wata bakwai ke nan da zuwa gidan mijinta Kofur Markus, ɗaya daga cikin sojan nan. Mutum ne shiru-shiru, ba duka ba zagi, sai dai in mota ta yi ƙara a hanyar Zuru ya zabura kamar an tsikare shi da allura. Ita kuwa Allah ya yi ta da son yabo, in ta yi tuwo sai ta laɓe jikin zana ta ji me za a ce. Ga ƙaramin ciki wata uku da ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar golmo ce, wato noman neman aure. Haggai, mai neman Alice ƙanwar Markus, ya kawo abokansa goma sha ɗaya su nome gonar dawa, don a nan ba a ba namiji mata sai ya shekara bakwai yana duƙe a gonar surukai. Ciyar da su ya faɗo kan Keziah, saboda uwar mijinta, Inna Magdalene, ciwon gwiwa ya raba ta da bakin murhu. Markus kuwa tun da sassafe ya tafi Zuru wurin maƙeri.

Ramar da ta tsinko don miya ba za ta ishi ƙarti goma sha biyu ba. Tana kewaya bayan rumbu, ta kutsa cikin dawa, sai ga wata rama a ɓoye, gindi takwas, ta fi ta tsawo, ganye kamar yatsun hannu.

Ta ce a ranta, "Ashe maigida da rowa! Ramar Bama ya shuka shi kaɗai."

Ta tsinke ganye, ta haɗa da kawunanta masu danƙo har yatsunta suna manne wa juna. Ta soya su da man shanu mai yawa, ta zuba a tukunya aka yi ta dahuwa. Da ta taɓa a harshe ba ta ji tsami ba, sai ta jiƙa tsamiya ta gyara. Da hantsi aka kai gona. 'Yan golmo suka sauke garma, suka yi wa tuwon nan kaca-kaca, har Haggai yana suɗe ƙwarya yana cewa, "Matar Kofur, hannunki da albarka!" Inna ta ci nata a inuwar ɗorawa, ta nemi ƙari. Keziah ko loma ba ta kai baki ba, don tun shigar cikin warin man shanu ke tayar mata da zuciya.

Suka koma aiki, har sun yi kunya kusan ashirin ba abin da ya faru. Rana na kaiwa tsaka, mai kiɗan gangar noma ya tsaya cak yana kallon hannunsa. Wani ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya faɗi cikin kunya, hawaye na zuba, yana roƙon a tsayar da shi. Haggai ya yar da garma ya dafe ƙirji.

"Zuciyata za ta fita! Alice, riƙe ni, ƙasa tana tafiya!"

Idonsa ya yi jajir kamar gauta, bakinsa ya bushe ƙayau, ya sha ruwa ƙwarya guda ya ce bai ji komai ba. Wani ya rantse tun jiya yake ɗaga ƙafa ɗaya bai sauke ba. Biyu suka rarrafa suka ɓuya a cikin dawa, wai ana bin su.

Keziah ta ruga gindin ɗorawa. Inna na kwance, baki buɗe, ƙudaje na sauka mata a leɓe.

"Inna! Inna, tashi!"

Ta girgiza ta, ta ɗaga hannunta, hannun ya koma ƙasa yaraf. Nan Keziah ta fasa kuka.

Kafin a ce kwabo gari ya cika gona, don a Dabai kuka ya fi ganga saurin kira. A gaba akwai Mika, kawun Haggai, dattijo mai faɗa wanda ko akuyarsa ba a taɓawa. Ya dubi ɗan ƙanwarsa yana birgima, ya juyo.

"Wa ya dafa?"

Aka nuna ta.

"Ke 'yar nan, me kika zuba?"

"Rama ce, Baba. Wallahi rama ce da man shanu."

"Rama muka fara ci yau? Ke kin ci?"

Kafin ta amsa aka riga ta. Wata mata daga baya ta ce, "Ba ta ci ba! Ni na gan ta, ko hannu ba ta wanke ba." Wata ta ce dama mutanen Kanya, garin su Keziah, an san su. Wata kuma ta tuna ranar da aka kawo ta kaza ta mutu a unguwa. Alice, wadda jiya jiyan nan Keziah ta yi wa kitso, ta ɗora hannu a ka tana ihu, "Kin kashe min uwa, kin kashe min miji!"

Mika ya sa aka ɗauko tukunya. Sauran miya na nan a gindi, mai ya taru a kai kore shar. Ya juye a ƙwarya ya miƙa mata.

"In rama ce, shanye. In kin ƙi, mun san abin da ake yi wa mai guba."

Ta karɓa. Ta dubi tsohuwa a kwance, ta tuna abin da ke cikinta. In ta sha, su biyu za su tafi. In ta ƙi, ga samari can sun fara tsintar duwatsu.

Sai ta hango Markus a bakin taro, sabuwar garma a kafaɗa. Ta ga ya dubi 'yan golmo, ya dubi bayan rumbu, ya dubi ƙwaryar hannunta. Ya sani! A fuskarsa ta gani. Ta jira ya yi magana. Ya buɗe baki ya rufe, don ya san ganyen nan doka ta hana, in maganar ta kai ga 'yan doka gidan yari ne. Ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Sha!" in ji Mika.

Ta kai ƙwarya baki. Man ya taɓa leɓenta. Sai a lokacin Markus ya ture mutane, ya fizge ƙwaryar, ya kafa kai ya shanye tas.

"Ba guba ba ce, Baba Mika. Ni na shuka. Ganja ake ce mata can Indiya, a aljihu na zo da irin."

"Ka shuka hauka a bayan rumbun uwarka?"

"Tun Bama ba na barci sai na sha hayaƙinta. Wanda ya ba ni ya ce ba abu ɗaya ne a cikinta ba. Danƙon kan nan shi ke juya ƙwaƙwalwa, ya sa zuciya gudu, ya kawo tsoro ko dariya. Akwai kuma wani abin da ke kashe jiki, ya kwantar da ciwo. Kowa da wanda ya fi kama shi. Hayaƙi yana saurin sakin mutum, amma in aka dafa da man shanu sai a wuni. Ban taɓa ganin ta kashe kowa ba. Inna barci take."

Mika ya ce, "To. Ku zauna nan ku biyu. In ta tashi, kun tashi."

Aka zaunar da su gindin ɗorawa, aka kewaye su. Keziah ba ta ɗauke ido daga ƙirjin tsohuwa ba. Yana ɗagawa kaɗan, ya tsaya, sai ita ma numfashinta ya tsaya har sai ya sake ɗagawa. Inuwa ta juya gabas. Markus a gefenta idonsa ya kaɗa, ya fara sambatu yana kiran sunayen sojojin da aka baro a daji, yana cewa a kwanta ƙasa. Ba ta ko waiwaye shi ba.

Da la'asar sakaliya 'yan golmo suka fara dawowa hayyacinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman abinci kamar ya kwana uku bai ci ba. Rana na shirin faɗuwa Inna ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta dubi taro.

"Wa ya mutu?"

Ta miƙe ba sanda, ta taka har bakin rumbu kafin ta tuna tana da gwiwa. Masu duwatsu suka zubar a ɓoye. Mika ya sa aka tumɓuke gindi takwas ɗin nan aka jefa rafi, aka yi alkawari maganar ba za ta fita Dabai ba. Kun dai ji yadda aka riƙe alkawarin.

Washegari Alice ta zo tana sosa ƙeya, Keziah ta ce ba komai. Da Markus ya farka, kai na sara, ya same ta tana ɗaure kaya a zane.

"Ina za ki? Ai na faɗa musu gaskiya."

"Ka faɗa, maigida. Sai da ƙwarya ta taɓa bakina."

Nan ta gaya masa tana da ciki. Ya zauna daɓas a ƙasa. Ta ɗora kayanta a ka ta kama hanyar Kanya, a can ta haihu. Sai da Markus ya yi damina biyu yana zuwa noma gonar ubanta, ga furfura ta fara fito masa, yana duƙe cikin samari kamar sabon ɗan golmo, sannan ta yarda ta dawo.