Littafin da Ya Buɗe Bakin Baba Tamada

Wata uku ke nan Baba Tamada bai ce uffan ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kayar da shi a bakin ruwa yana cikin ɗinkin taru, aka kwashe shi zuwa asibiti, aka dawo da shi gida Wara hannun dama a sake, baki a karkace. Likita ya ce harshen bai mutu ba, nauyi kawai ya yi, a riƙa jan shi da hira. An kuwa ja shi. Matarsa Inna Larai ta gwada lallashi, ta gwada faɗa. Abokansa masunta sun zo sun ba shi labarin giwan ruwan da aka kamo, Fasto ya zo ya yi addu'a. Sau ɗaya tak ya yunƙura zai kira sunan jikarsa, kalmar ta fito a murɗe, yarinyar ta yi dariya ba da nufin komai ba. Daga ranar ya kulle bakinsa.

Duk gidan babu wanda shirun nan ya ci wa rai kamar 'yarsa Dorcas, malamar firamare a garin. Ita ta san abin da aka rasa. Baba Tamada haifaffen wani gungu ne a tsakiyar kogi, ɗaya daga cikin tsibiran da ruwan Kainji ya shanye tun yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma ya fito daga can da labarai cike da kansa: na 'yan ruwa, na kadan da ya tsufa har ciyawa ta tsira a bayansa, na matar da ke wanki a bakin gaɓa amma ba ta da inuwa. Da su aka reni Dorcas. Har a kwalejin horar da malamai, ƙawayenta na rububin littattafan soyayya, ita wanda zai tayar mata da tsikar jiki take nema.

Ranar wata Asabar ta tafi Yelwa karɓo masa magani. Tana hanyar komawa tasha sai ruwan sama ya tsuge, ta faɗa rumfar da ta fi kusa. Ashe shagon littattafai ne, ɗan tsukuku, tsofaffin littattafai jibge har kusa da rufi. Mai shagon dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare. Malam Zaidu sunansa; ya yi shekara talatin yana aikin laburare kafin ya yi ritaya ya buɗe wurin.

“Malama, matso ciki, feshin yana taɓa ki,” in ji shi. Ya ga idonta na yawo a kan kantoci. “Mi kike so? Na makaranta?”

“A'a, Baba. Kana da na dodanni?”

Ya sauke tabarau ya dube ta da kyau, fuskarsa ta washe.

“Yau ga baƙuwar kirki. Amma tsoro iri-iri ne, ɗiyata. Akwai mai sa ki riƙa waiwaye in kina tahiya, akwai mai hana ki cin abinci, akwai kuma wanda sai bayan kwana biyu ya kama ki. Wane kike so?”

Dorcas ta yi dariya, karo na farko a makon. Ba ta san yadda aka yi ba sai ta ji tana ba shi labarin mahaifinta duka, tun daga gungun har zuwa shirun. Ta ce tana so ta riƙa karanta masa, ko ba zai amsa ba, don ɗakin ya daina zama kamar gidan makoki.

Malam Zaidu ya saurara har ta gama, sannan ya hau kan benci ya fara zaro littattafai yana karkaɗe su. Ya miƙo mata wani babba mai hotuna, na dodannin ƙasashen ƙanƙara, masu fitowa daga duwatsu suna neman ɗumin jikin mutum. Ya ce na Turanci ne, amma ai ita malama ce, ta riƙa juya masa. Ya ba ta wani ƙarami na Hausa da bangonsa ya cire, labaran mafarauta ne kan abin da suka gamu da shi a daji wanda kibiya ba ta kama shi. Ya ɗauko na uku, kan yadda al'ummomi daban-daban ke binne matattunsu, ya juya shi a hannu ya mayar.

“Wanga naki ne, amma ba yanzu ba. Ba a karanta wa mara lahiya shi.”

Can ƙasan wani kwali ya tono na ƙarshe, siriri mai koren bango. Ya ce wani baƙo ne ya rubuta shi, ya yi 'yan kwanaki yana yawo a jirgin ruwa tsakanin Shanga da Yauri, ya koma ƙasarsu ya rubuta abin da ya ce ya ji game da aljanun kogin.

“Da shi za ki fara,” in ji Malam Zaidu. “Ki tahi da su duka, aro na ba ki. In kin gama ki dawo ki gaya mini wanda ya hi.”

Dorcas ba ta bi shawararsa ba. A cikin mota ta buɗe koren littafin, shafi biyu ta karanta ta rufe. Rubutun ba daɗi, labaran kuma ba su yi kama da komai da ta sani ba. Don haka da mai hotunan ta fara. Kowace la'asar in ta taso daga makaranta sai a fito da Baba Tamada gindin mangwaro, ta zauna gefen tabarmarsa tana karantawa tana fassarawa. Yana saurare, wannan ba shakka. Idonsa kan bi hoton in ta nuna masa. Na mafarautan ma har ya ɗaga gira a wani wuri. Amma magana, ko ɗaya.

Sati uku suka wuce, littattafan kirki suka ƙare. Ranar nan babu abin da ya rage sai koren, ta ɗauko shi ranta ba ya so. Inna Larai na gefe tana gyaran kifi.

Ta karanta inda baƙon ya ce 'yan ruwan Yauri jelar kifi gare su da haƙora kamar na kare, kuma da rana tsaka suke fitowa su cafke ƙafar mai wanka su ja shi ƙasa. Ya ƙara da cewa mutanen gungu kan jefa musu albasa don su lafa.

“Ƙarya!”

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Inna Larai. Dorcas ta ɗago. Baba Tamada ya dogara da gwiwar hannunsa mai lafiya, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Ƙarya yake,” ya sake cewa. Kalmomin a murɗe suke, amma ana gane su. “Albasa! Wa ya gaya mishi?”

Hawaye na neman zubo wa Dorcas, amma ta danne. Ta san in ta yi kuka ko ta yi murna a fili zai tuna da bakinsa ya koma shiru. Sai ta gyara zama ta ce, “To ai haka ya rubuta, Baba. Mutumin ya zo da kansa ya gani.”

“Bai ga komi ba.” Ya huta, ya haɗiye yawu. “Ba su ja. Kira suke yi.”

“Kira kamar yaya?”

A hankali labarin ya fito, yana tsayawa yana nishi, inda Hausa ta yi masa nauyi ya sa Gunganci, yarensu na mutanen gungu. Ya ce 'yan ruwa ba su da wata jela, ba ma a ganinsu. Murya suke ara, muryar wanda ka fi yarda da shi. Yana yaro, shi da yayansa suna cikin kwalekwale da hantsi, suka ji innarsu tana kiransu daga tsakiyar ruwa, daga wajen da babu tudu ko ɗaya. Yayan ya buɗe baki zai amsa, kakansu da ke riƙe da filafili ya toshe masa baki da tafin hannu, bai sake shi ba sai da suka taɓa gaɓa. Suka tarar da innar tana daka, ta ce ba ta kira kowa ba.

Da ya kai ƙarshe gumi ya jiƙa masa riga. Inna Larai ta tashi ta shige madafa, suna jin ta tana jan hanci tana yi wa Allah godiya ƙasa-ƙasa.

“Ci gaba,” in ji Baba Tamada. “Mu ji sauran ƙaryar.”

Koren littafin shafi sittin ne kacal, amma wata biyu suka yi a kansa. Ba ta gama sakin layi sai ya tare ta. Dorcas ta samo littafin rubutu ta fara ajiye gyare-gyarensa, har ya cika ta buɗe wani. Hannun bai dawo ba, bakin ma bai miƙe sarai ba, amma ya daina jin kunyarsa. Da jikar tasa ta sake yi masa dariya, kiranta ya yi ya ce ta matso ya ba ta labarin abin da ke samun yaran da ke yi wa tsofaffi dariya. Ta zo da gudu.

Da aka yi hutun makaranta Dorcas ta koma Yelwa da littattafan da ƙullin busasshen kifi da Inna Larai ta zaɓo da hannunta. Ta durƙusa ta gaida Malam Zaidu, ta ba shi labari. Da ta zo wurin albasa ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

“Baba, ka san haka za ta faru?”

“Ina fa na sani? Fata dai na yi. Na daɗe ina zama da mutanen ruwa, ban taɓa ganin wanda aka yi kuskure kan kogin ga a gabanshi ya iya yin shiru ba. Littahin nan ya daɗe a kwali ba mai so. Ashe yana da ranarshi.”

“Ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka dawo mana da babanmu.”

“Allah ne ya dawo da shi, ke kuma kika zauna kika karanta. In kina son ki gode mini, ki kai ni in ji labaran daga bakinshi.”

Ranar Laraba ta gaba ta zo da shi Wara. Aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya, Inna Larai ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ba su gama gaisawa ba suka shiga gardama kan ko ayu yana kuka da hawaye in an kama shi. Malam Zaidu ya ce ya karanta cewa ruwa ne kawai ke tsiyaya daga idonsa. Baba Tamada ya ce shi ya gani da idonsa, kuma wanda ya rubuta wancan ma a kawo shi. Dorcas na gefe tana zuba musu ruwa, ba wanda ya kula da ita.

Malam Zaidu ya tashi ya yi sallar la'asar a kan buzun da aka aro masa a maƙwabta, ya ce zai kama hanya kada motar Yelwa ta cika. Baba Tamada ya riƙe masa gefen riga da hannun hagu.

“Zauna, Malam. Akwai wata motar. Ban ba ka labarin tsohon kadan ba tukuna.”

Malam Zaidu ya dubi Dorcas, ya dubi rana, ya cire takalmansa ya koma ya zauna.