Kububuwa Mai Jan Farce

Shekara talatin Baba yana kama macizai yana kai wa ɗakin binciken da ke tatsar dafi don haɗa maganin sara. Mai Ƙugiya ake ce masa. Ɗakin da muke zaune a bayan ma'aikatar, ni da shi da 'ya'yana biyu, nasu ne. Sai ga sabon manaja da sabuwar doka: mai kamun da ya yi kwana arba'in bai kawo komai ba, ya ajiye makulli. Ranar da nake ba ku labari, Baba na da kwana talatin da takwas.

Manajan nan gani yake maciji a kanti ake sayo shi. Ina za a same su? Fadamar da Baba ya saba shiga ta bushe shekara uku ke nan, kwaɗi sun tafi. Gefen da ya rage katafila ta bi ta kansa, ta baje tururuwa da gara da duk wani rami, aka yanka filaye. Ɓeraye kuma an gama da su da guba. Ga zafi, macijin da ya tsira ma sai ya shige can ƙasa ya yi lamo.

Na bi shi da sassafe, don zama a ɗaki ya gagare ni. Muka wuce tulin bulo da yashi har ƙarƙashin wata tsohuwar kwalbati mai ɗan danshi. Bai yi wani lalube ba. Ya ɗaga dutse ɗaya, ya sa ƙugiya, sai ga kububuwa, ramammiya, ko hucin kirki ba ta yi.

"Alhamdu lillahi!" na ce, har da hawayena.

Shi kuwa sai ya juya ta da ƙugiya. Ya nuna min wutsiyarta. Ɗigon jan farce ne a jiki, nawa ma kuwa, wanda yake ɗauka a kan tagata. Haka aikinsu yake: in an tatsi maciji sai a ɗiga masa alama a mayar da shi inda aka kamo shi, kuma ba a sake taɓa shi sai ya yi wata uku ya murmure.

"Ita na kai musu wancan karon," in ji shi. "In aka sake matsa ta yanzu ba za ta kai ba."

"Baba, jibi fa za su karɓi makulli. Ina za ni da yara?"

"Ban taɓa karya dokar nan ba, 'yar nan."

"To sai mu kwana a kwalbatin tare da ita!"

Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa uba, kuma ina sane. Tsoro ne ya cika ni har wuya. Ya sa ta a buhu muka koma. A gida ni na ɗebo kananzir a tsumma. Shi ya danne kanta, ni na goge jan farcen daga wutsiyar, na bi da ruwan sabulu don wari. Duk tsawon aikin bai kalle ni ba.

Likitar da ke tatsa ta san Baba tun tana ɗaliba. Ta juya kububuwar a kan teburin ƙarfe, ta ɗan yamutsa fuska.

"Baba, wannan ai ta sha yunwa. Sabuwa ce?"

"Sabuwa ce, Likita."

Ta kafa haƙoran kububuwar a bakin kofin gilashi ta matsa. Ɗigo biyu suka fito, da ƙyar. Ta sa hannu a katin Baba, ta ce mu jira a mayar mana da ita. Ba mu yi rabin awa a benci ba ta leƙo ta ce ta mutu, Allah ya ba da wata.

Da muka fito na damƙe katin a hannuna. Kunya na ci na, amma wallahi sanyi nake ji a raina.

"Baba, ka yafe min. Mun dai samu kwana arba'in. Kafin nan ai ka kamo wata."

Ya tsaya ya jingina ƙugiyarsa da bango, ya dube ni.

"A ina?" ya ce. "Tun bara ita kaɗai nake kawo musu."