Keken Lantarki

Shekara ashirin da biyu Anti Maiɗinki ta yi tana taka keke a ɗan shagonta na bakin titi, har ranar da aikin faɗaɗa hanya ya haɗa da shagon. Ta mayar da keken gida, amma masu kawo ɗinki ba su biyo ta ba. Autarta ce ta ga sanarwar wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta yana neman teloli, ta rubuta mata takarda, ta kuma sa ta haddace jawabi.

"Umma, ki ce kina da ƙwarewa da jajircewa. Kuma don Allah kada ki kawo zancen ciwon gwiwarki."

"To, uwata, na ji."

Ranar Litinin ta sa rigar da ta ɗinka da hannunta, ta jefa almakashinta a jaka, ta nufi kamfanin. Ɗakin aikin dogo ne, kekuna jere kamar kujerun aji, ga ƙara kamar ana ruwan sama a kan kwano. Shugabar masu ɗinkin ta fito, yarinya ce da ba za ta girmi Auta da shekara uku ba. Anti ta rasa ko ta ce 'yata ko ranki ya daɗe, sai ta haɗa duka biyun. Yarinyar ta yi dariya. Jawabin kuwa ya bi iska.

"Mama, kin iya keken lantarki?"

Matar da ke gabanta a layin masu neman aikin ta ce ta iya, kuma an ga yadda ta sha kunya a kansa. Anti ta dubi keken.

"Gaskiya ban taɓa ɗora ƙafata a kansa ba. Amma ki ba ni ƙyalle da minti goma."

Tana takawa keken ya zabura, ɗinkin ya yi tafiyar maciji. Wata a kusa ta ƙunshe dariya. Anti ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ciro almakashinta ta warware zaren tsaf, ta cire takalminta don ta ji abin takawar a tafin ƙafa, ta sake. A karo na uku layin ɗinkin ya miƙe. Sai ta nemi a ba ta riga ta sa mata aljihu da kwala, don a nan ake gane tela.

Shugabar ta karɓi rigar, ta juya cikinta waje, ta ja ɗinkin da ƙarfi. Sannan ta kama bakin hannun rigar da ke jikin Anti ta duba kalmasar.

"Wannan ma ke kika yi?"

"Ni ce."

"Sauri ne ba ki da shi, Mama, kuma nan sauri muke so. Zan gwada ki wata ɗaya. Amma kwalar nan, ina so ki nuna wa yarana yadda kike kwantar da ita. Gobe ƙarfe takwas."

A waje ta zauna a kan dakali ta kira Auta. Ihun da yarinyar ta yi sai da ta janye wayar daga kunne. Kafin ta hau mota ta tsaya wani kanti ta zaɓi robar abinci mai murfi, shuɗiya, irin wadda ta ga ma'aikatan sun jera a kan taga.