Geron Bawa

Duk tarihin Garin Bawa bai wuce damin gero guda ba. Bawa ya taso daga wajen Katsina da jaki da wannan dami, ya sari daji kusa da tafkin Madarumfa, ya shuka. Geron gajere ne mai gashi, tsuntsu ba ya son sa. Tun daga nan ajiyar irin take hannun gidansa, har ta iso kan Alhassan, mutumin da ko sannu ka ce masa sai ya sako maka zancen kakansa.

Bara gulbi ya yi ambaliya ana gab da girbi. Ya kwashe gonaki, ya jiƙa rumbun Alhassan har ya rufta. Ko zangarniya ɗaya ba a fitar ba. Babu wanda ya ga laifinsa, amma shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci: a hannunsa irin Bawa ya ƙare. Mutum ya rame har ya ba ni tausayi, ni maƙwabcinsa da surutunsa ya daɗe da isa ta.

Da bazara ya hau amalanke zuwa garin Sarkin Yamma, inda gwaggonsa Tani take aure tun kafin a haife shi. Ita kaɗai ta rage cikin manya, dole ya faɗa mata da bakinsa. Ya durƙusa yana ta kame-kame.

Tani ta gama ji, ta ce, "Shi ke nan abin da ya kawo ka? Tashi ka leƙa rumbuna."

Ya leƙa. Ga dammuna nan a jere, gajeru, masu gashi.

"Gwaggo, ina kika samo?"

"Ina hwa? Duk ɗiyar gidanmu da za a kai ɗakinta, sai uwatta ta sa mata zangarniya cikin ƙwarya, ƙarƙashin kaya. Kowace shekara ina shuka shi a 'yar gonata, nesa da na mijina. Ku maza ba a hwaɗa muku, don kada ku ce an fidda irin gari."

Alhassan ya zauna daɓas a ƙasa. Hawaye suka zo masa.

"Ke kaɗai kike da shi?"

"Akwai shi wurin ɗiyanmu mata a garin Ɗan Issa, akwai ƙetaren iyaka. Ɗauki dami biyu, ɗana. Ba a taɓa bar maka shi kai kaɗai ba."