Galan Ɗin Baba

Idan ɗa ya bi maganar ubansa sak har ta kai shi rami, shi ne ya yi biyayya, ko kuwa wanda ya toshe kunne ya tsira? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo, ba ta sami mai masauki ba.

Dogo ya gāji tarakta ɗaya, da gona, da wata magana da marigayi babansa ya yi ta maimaitawa a bakin titi shekara da shekaru: “Mai dai mai ne. Inji ba ya karanta rubutun gwangwani.” Da wannan magana tsohon ya riƙa tsokanar Tabarau, mai shagon man injuna, wanda ya nace cewa hannuwan da ke ɗaga garma suna da nasu man daban, man haidirolik. Kowa kuwa ya sha ganin marigayin yana tsiyaya wa taraktarsa mai daga wani jan galan na man inji, kuma ba ta taɓa yin ko tari ba.

Saboda haka da man ya yi ƙasa, Dogo ya je shagon ya nemi jan galan. Tabarau ya leƙo ta saman gilashinsa.

“Na inji za ka zuba a inji, ko?”

“A bayan tarakta zan zuba, wajen hannuwan garma, inda Baba ke zubawa.”

“Ɗana, karɓi wannan farin galan na haidirolik. Wancan zai kashe maka famfon da ke tura man.”

“Baba ya yi rayuwarsa bai taɓa farin nan ba. Ni ma ko kyauta ka ba ni, sai dai in shafa wa ƙofa.”

Tabarau ya buɗe baki, ya sake rufewa kamar wanda ya tuna wani alkawari, ya miƙa masa jan.

Ruwan shuka ya sauka a makon. Maƙwabta suka fita da injunansu, ƙasa tana ƙamshi, tana jiran garma kafin ta bushe ta koma kamar siminti. Dogo ya hau kujerar babansa, ya gyara hula irin yadda tsohon ke yi, ya ja libar ɗaga garma. Hannuwan suka ɗaga garmar a hankali, kamar dattijo mai ciwon baya zai tashi daga tabarma. Da rana ta yi zafi sai famfon ya fara kuka, man ya yi kumfa, garmar ta faɗi a tsakiyar gona ta ƙi tashi. Ya lallashe ta, ya zage ta, har ya kira ta da sunan da marigayi ke kiranta. Ko gezau.

Ya dawo gida baƙi ƙirin da mai. Inna tana tsakar gida tana shanya.

“Kai kuma da wa ka yi kokawa?”

“Inna, tarakta ta ƙi ni. Abin da Baba ke ba ta na ba ta. Ko dai tun da ya rasu ta yi fushi?”

“Me ka ba ta?”

Ya nuna mata galan ɗin. Inna ta dube shi, ta dubi galan, sai dariya ta kama ta har ta dafa igiyar shanya.

“Wayyo ni! Ashe galan ka gāda. Babanku ai farin yake saye. Ta ƙofar baya Tabarau ke aiko masa, ya shige ɗaki ya juye a jan, ni ce ma mai riƙe masa mazurari.”

“To don me yake cewa mai dai mai ne?”

“Ya faɗa sau ɗaya a gaban mutane, tun yana saurayi. Ka taɓa ganin babanku ya janye magana? Gara ya janye haƙori.”

Dogo ya zauna a bakin rijiya. Ya rasa da wa zai yi fushi: da wanda ke kabari, ko da mai shagon da ya fifita sirrin mamaci a kan famfon rayayye, ko da kansa. Ya lura dai cewa a cikin su ukun, shi kaɗai ne bai ɓoye wa kowa komai ba, kuma garmarsa ce kaɗai ke kwance a gona.

Ƙasa kuwa ba ta jiran mai tunani. Ya tashi ya nufi shagon, ya bar ƙofar gaba inda ’yan hira ke zaune, ya zagaya ta lungu ya ƙwanƙwasa.

Tabarau ya leƙo. “Ƙofar ce za ka shafa wa?”

“Ba ni farin. Da sabuwar filtar tace mai.”

“Ka tsiyaye tsohon tas, kada ka gauraya su. Sauran kuma sai ka yi wa famfon addu’a.”

Dogo ya rungumi farin galan, ya rufe shi da riga, ya bi bayan gidaje. Yana shiga gida ya wanke jan galan ɗin babansa, ya kife shi ya tsane.

“Inna,” ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, “ina mazurarin?”