Ɗan Mahauci a Wasan Harbi

Jiya da dare wani mafarki ya yi awon gaba da ni, kuma na san abin da ya jawo shi. Ɗana Jazuli, ɗan shekara goma sha biyar, ya addabe ni in bar shi ya saka wasan harbe-harben nan a wayarsa, irin wanda abokansa ke bugawa. Na leƙa sau ɗaya na ga jini face-face. Ni mahauci ne, jini ba baƙona ba ne, amma na ji tsoro kar abin ya busar wa yaron da zuciya. Na ce masa da safe zai ji hukuncina, na kwanta da maganar a raina.

Sai ga ni a wani ofis mai fanka, wai hukumar tantance wasannin yara. Duk ma'aikatan awaki ne. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau, yana zaune yana taunar labulen taga a hankali.

"Malam Haladu na kwata?" in ji shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Yau kuma kai ne kake ƙorafin jini?"

Ofis ya kaure da dariya. Wata akuya ta nuna ni da kofato, ta ce ni na yanka mijin yayarta ranar wani suna. 

"Mu nan ba ma yanke hukunci daga kan kujera," in ji bunsurun. "Shiga ka gani da idonka." Ya jawo durowar teburinsa, na sa ƙafa na shiga.

Na faɗo tsakiyar wasan. Gidaje duk a rushe, harsasai suna wucewa a hankali kamar ƙudajen kwata, wasu har sallama suke yi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, shi ya sa sojojin suka ɗaura lema a takalmansu. Can na hango Jazuli tare da abokansa, cikin kakin da ya yi masa yawa.

Wani ƙaton abokin gaba ya ɓullo daga bayan garu. Yaran suka hau ihu, "Harbe shi, Jazuli, harbe shi!" Sai na ga ɗana ya mayar da bindigar bayansa ya ɓoye ta. Ya cire hular kwanonsa, ya kife ta a iska har ruwan ya cika ta, ya miƙa wa ƙaton da hannu biyu.

"Kawu, sha ruwa tukuna."

Haka muke yi a gidanmu tun zamanin kakana. Ba a yanka dabba da ƙishirwa, ba a kuma nuna mata wuƙa. Ƙaton ya shanye, ya yi gyatsa, ya yi godiya, sannan ya ɗirka wa Jazuli harsashi. Yaron ya fashe ya zama gugguru, ya sake tsirowa daga ƙasa da kakinsa. Wani sojan abokan gaba ya zo, Jazuli ya ba shi ruwa, shi ma ya harbe shi. Kafin a jima abokan gaba sun yi dogon layi, kowa da kofinsa.

"Wai wannan ɗan waye?" in ji wani cikin abokansa, kamar zai yi kuka. "Ya lalata mana wasa!"

Na haye kan tankar yaƙi na bugi ƙirji. "Nawa ne! Ɗan Haladu, jikan Ɗanladi mahauci, in ba ku sani ba ku sani!" Kaina ya kumbura, kumburi na gaske, har hulata ta yage. Wallahi ko ranar da aka haife shi ban ji daɗi haka ba.

Sai ga ni a ofis kuma. Awakin duk sun miƙe tsaye, bunsurun yana share hawaye da gemunsa.

"Ka sha yi mana ɓarna, Haladu," in ji shi, "amma ka iya renon ɗa." Ya ɗaga hatimi ya buga a kan tebur, ƙwar, ya sake bugawa, ƙwar!

Na farka. Ashe ƙarar bokiti ce a tsakar gida, gari har ya waye. Na leƙa na ga Jazuli tsugune gaban ragon da za mu kai kwata yana ba shi ruwa, wuƙar kuwa ya tura ta ƙarƙashin buhu.

"Baba, ina kwana. Maganar wasan fa?"



"Saka abinka," na ce. "Amma in gaya maka gaskiya, kashi za ka sha."