Yatsun Malam Zaidu

Bayan hawan jini ya kayar da Malam Zaidu tela a shagonsa na Filinge, ƙafarsa ta dawo daidai, amma hannun dama ya yi nauyi. Lokotoron asibiti a Yamai ya ce masa yatsu sai da aiki, ya nemo abin da zai riƙa motsa su kullum. Kamal, ɗan ƙanwarsa mai gyaran babura, yana kaɗa gitar a wajen biki. Shi ya kawo tasa, ya ce, "Kawu, ga magani."

Zaidu ya so ya ƙi. Dattijo da furfura, a ji shi yana kiɗa? Matarsa Balkisu ta ce, "Malam, in lafiya ce, mi ya rage? Cikin gida ne, ba dandali ba."

Kamal ya nuna masa: babban yatsa yana bugun tsarkiyoyi masu kauri, manuniya da na tsakiya suna tsinkar sirara, kowane da tafiyarsa. A hannun Kamal abin kamar mutum biyu ke kiɗa. A hannun Zaidu kuwa, da babban yatsa ya motsa sai manuniya ta bi shi, kamar an ɗaure su da zare. Ya yi ta fama duk la'asar a ƙarƙashin iccen bedi na tsakar gida har damina ta kusa. Abin bai sake ba. Ya daina yawan magana, abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture.

Wata rana ya jingine gitar ya ce, "Kamal, ɗauki abinka. Hannun ga ya mutu. Na ce ma yatsa guda tsaya, ba ya ji na."

Kamal ya dube shi, sai ya fashe da dariya.

"Kawu, dama abin da ke damunka ke nan? Ai ba ciwo ba ne! Kowa haka yake farawa. Ni kaina na fi wata biyu yatsuna na bin juna."

"Lallashina kake yi."

Daidai nan maƙwabcinsu Tahiru mahauci ya yi sallama, ƙato mai lafiya kamar bijimi. Kamal ya ɗora masa gitar a cinya, ya nuna masa abin da zai yi. Tahiru ya cije leɓe ya gwada. Duk yatsun suka tafi tare kamar mai yagar nama, gitar ta yi wata ƙara har kaji suka watse. Ya sake, ya fi na farko muni.

"Wanga abu na aljannu ne!" in ji Tahiru, yana share gumi.

Zaidu ya karɓa, ya yi nasa a hankali. Manuniya ta bi babban yatsa, amma sautin ya fita tsaf, ya fi na Tahiru nesa ba kusa ba. Ya kalli hannunsa. Sannan ya sauke dogon numfashi, ya ce, "Ashe rashin iyawa ne kawai. Alhamdu lillahi."

Balkisu, da ke leƙe daga madafa, ta goge ido da gefen zane ta koma ciki.

Kafin a yanke gero yatsun Zaidu suka rabu, kowane ya kama hanyarsa. Tahiru kuwa ya rantse ba tela zai fi shi ba. Yanzu kullum la'asar yana nan zaune, suna gardamar wa zai fara ƙwarewa a kiɗan.